Daga Hagu Zuwa Dama

"Maimaita abin da ka faɗa, yaro!"

Muryar Nona Vinka, kakar Yasna, ce ta tsaga falon, har cokalin da ke hannun Yasna ya suɓuce ya faɗa cikin shayi. Ta ɗago ta kalli Aliro tana girgiza masa kai a hankali, idanunta na roƙonsa ya yi shiru, don girman Allah ya yi shiru...

Ina! Ko kallonta bai yi ba.

Yana tsaye gaban hoton da ke bango, cikin kwat ɗin aro da ta matse shi a kafaɗa, ya ce, "Na gaishe shi, Nona, kamar yadda kika ce. Amma wannan mai igiya a kafaɗa ba mijinki ba ne. Kakana ne, Belarmino Chiguay."

Minti biyar da suka wuce fa komai lafiya lau. Yau ce ranar da Yasna ta kawo saurayinta gida a karon farko, bayan wata takwas suna ɓoye-ɓoye. Ya zo da wainar dankali mai zafi daga hannun mahaifiyarsa, ya rusuna ya gaida tsohuwa, har ta ɗan saki fuska. Sai da ta ji sunan gidansu ta ajiye kofi.

"Chiguay? Mutanen tsibirin Chiloé? Ashe jikan leburan nan ne da mijina ya ja a ƙanƙara! To tashi ka gaida wanda ya ceci kakanka."

Duk wanda ya tashi a garin Punta Arenas na bakin teku ya san hoton nan, don ba ɗan makarantar da ba a kai shi ya gani ba. Maza biyar ne a jere a kan ƙanƙarar Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, a shekarar 1958, gemu da tabarau da hula sun rufe musu fuska ruf, ko uwar da ta haife su sai ta yi da gaske. Na farko daga hagu yana da igiya a kafaɗa, na ƙarshe daga dama ya jingina da sanda ya ɗage ƙafa ɗaya. Ƙarƙashinsu an rubuta sunaye daga hagu zuwa dama, Mateo Ursic, mijin Nona, a farko, Chiguay a ƙarshe. Labarin kuwa har yara sun haddace: jirginsu ya maƙale, Mateo ya ja lebura mara lafiya a kan katako kwana huɗu har suka kai sansani. A kan hoton nan Nona ta kafa gidan tarihin masu tafiyar ƙanƙara, a cikinsa ta raini Yasna tun rasuwar iyayenta, a cikinsa kuma Yasna ke aiki yanzu.

"Fita min daga gida," in ji Nona.

"Nona, don Allah..."

"Ke yi min shiru! Shekara sittin ana girmama mijina, sai yau wani mai baƙin mai a farce zai zo falona ya ce ƙarya nake?"

Daga can kujerar gefe aka yi gyaran murya. Renato ne, manajan gidan tarihin, mutumin Santiago, babban birnin ƙasar, wanda Nona ta gayyata da gangan don kowa ya san shi take so wa jikarta. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ƙamshin turarensa ya cika ɗaki, ya ce, "Ki yi haƙuri, Doña Vinka. Kowane gida a tsibirin can akwai kakan da ya ceci duniya."

Aliro ya ɗauki hularsa ya fice.

Yasna ta bi shi a guje ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba. Iskar garinmu kuwa kun san halinta, tana fita ta watsa mata gashi a fuska, sai da ta kama ƙarfen ƙofar gida ta tsaya.

"Aliro! Tsaya mana!"

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Koma ka ce ka yi kuskure. Kalma ɗaya ce fa, rabin raina. Tsohuwa ce, me zai rage ka?"

"Ba zan iya ba, Yasna."

"Ko don ni?"

Sai a lokacin ya juyo, idanunsa sun yi ja. "Kin san yadda ake kiran kakana har ya mutu? Mino Maƙaryaci. In ya shiga shago sai a ce, 'Mino, ba mu labarin ƙanƙara,' a yi ta ƙyaƙyata dariya. Mahaifiyata 'yar Maƙaryaci ake ce mata a makaranta. Ni na ga tabon igiyar a kafaɗarsa da idona, na ƙirga yatsun ƙafarsa goma cif. Wanda aka ja ne ke rasa yatsu, ba wanda ya ja ba."

"Wata takwas!" in ji Yasna. "Wata takwas ina ce maka Allah ne ya haɗa mu, kakana ya ceci kakanka, kana murmushi kana kallona kamar sakara!"

"Tsoron rasa ki nake."

"To ga shi nan ai."

Ta juya ta shige gida ta buga ƙofa. Wallahi da a ce ta leƙa ta taga, da ta ga ya kai rabin awa tsaye a cikin iskar nan, amma zuciya ta hana ta.

*

Ita kanta ta san ba ƙaramin so take masa ba. Bakaniken jirgin ruwa ne, cikin masu kai abinci da mai zuwa sansanonin ƙanƙara. Ran da suka fara haɗuwa, ta kama shi ne kwance a ƙarƙashin tsohuwar motar ƙanƙara da ke tsakiyar gidan tarihin, ya tsallake igiyar da aka gitta.

"Malam, ba ka iya karatu ba ne? An ce kar a taɓa!"

"Ai ba taɓawa nake ba, ranki ya daɗe, jaje nake mata. Wa ya ɗaura mata wannan bel ɗin a karkace?"

Ta kore shi ranar. Washegari ya dawo da sifana. Daga nan shi ke nan, ita ta zama 'Yar Kar-a-taɓa, shi ya zama Bakanike, duk wanda ya gan su a bakin teku suna rabon gyaɗa ya san an gama.

Da safiyar Litinin Renato ya same ta a ofis idanu a kumbure. Ya turo mata takarda a hankali, fuska cike da tausayin da bai kai zuci ba.

"Ban so nuna miki ba, amma ba zan iya gani ana wasa da ke ba."

Wasiƙa ce da rubutun Aliro, zuwa ga hukumar gidan tarihin, yana roƙon a sake duba hoton. Kwanan watan da ke kai shekara biyu ke nan, tun kafin ta san akwai shi a duniya.

"Na ba shi amsa a lokacin, na ce ba mu da lokacin tatsuniya," in ji Renato. "Da ƙofa ta ƙi buɗuwa, kin ga sai ya nemi mai riƙe da makulli."

Yasna ta ji kamar an watsa mata ruwan teku. Ashe motar ƙanƙara, da sifana, da gyaɗa, duk hanya ce? Ta ɗauki waya ta rubuta wa Aliro, "Na ga wasiƙarka. Kar ka sake nemana." Ya kira sau goma sha ɗaya, ta toshe lambar, ta shiga banɗaki ta sha kukanta.

Ranar Alhamis Doña Orfelina ta kawo mata sauran labarin. Doña Orfelina tela ce, shekara talatin tana gyaran tsofaffin rigunan gidan tarihin, bakinta kuma ba ya da birki. Layinsu ɗaya da mahaifiyar Aliro.

"Ke 'yar nan, me kika yi wa ɗan mutane? Ya je ya sa hannu zai yi zaman shekara a sansanin ƙanƙara!"

"Shekara?"

"Wata goma sha uku! Jirgi zai tashi Asabar ƙarfe goma. Uwarsa sai kuka take tana saƙa masa safa."

"Ina ruwana," in ji Yasna, hawaye na ɗiga kan takardun da take jerawa.

"Ina ruwanki kuwa, ga shi nan yana zuba."

*

Asabar ɗin nan ce kuma ranar bikin cika shekara sittin da tafiyar. Renato ya sa an wanke hoton da girman bango guda, aka manna shi a babban zaure ranar Juma'a da safe. Kusa da shi aka tsayar da mutum-mutumi, Doña Orfelina na sa masa ɗaya daga cikin ainihin rigunan da mutanen suka sa, allurai cike da bakinta. Yasna na kan tsani tana gyara fitila.

Sai ta ji telar ta tuntsire da dariya.

"Kai! Kai! Ikon Allah!"

"Lafiya, Doña Orfelina?"

Ta tofar da allurai a tafin hannu. "Shekara talatin ina wuce hoton nan yana ƙarami kamar katin gaisuwa, ban taɓa lura ba. Ashe jaruman naku duk rigunan matansu suka sa suka tafi!"

"Wane irin rigunan mata kuma?"

"Sauko ki gani, 'yar boko. Rigar namiji, ɓangaren hagu ke hawa kan na dama, maɓalli na dama. Ga ta nan a jikin wannan gunkin. Ta mace ce dama ke hawa kan hagu. To dubi bango. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, duk 'yan mata!"

Yasna ta sauko. Ta kalli rigar, ta kalli hoton. Ta sake kallon rigar. Riga ɗaya ce sak, har da facin da ke aljihu, sai dai a jikin mutum-mutumin facin na hagu, a bango yana dama.



"Baibai..." ta ce a hankali. "A baibai aka wanke shi!"

"Me?"

"Fim ɗin! Wanda ya fara wanke hoton ya kifa fim ɗin, hagu ya koma dama! Mai hoton ya rubuta sunaye a littafinsa yadda suka tsaya a gabansa, mu kuma muka ɗora su a kan hoton da ya juye!" Ta kama kafaɗun tsohuwar tana jijjiga ta. "Doña Orfelina, mai igiyar shi ne na ƙarshe! Chiguay ne! Aliro gaskiya ya faɗa!"

"To sake ni mana kar ki karya ni, ni na kifa fim ɗin?"

Da gudu ta haura ɗakin ajiya, ta jawo akwatin fina-finan. Ambulan ɗin da ake ajiye fim ɗin hoton yana nan, ciki wayam. Ba ta tsaya tunani ba ta faɗa ofishin Renato ko ƙwanƙwasawa babu.

"Ina fim ɗin?"

Ya ɗago, ya ga fuskarta, ya san ta ƙare. Sai ya tashi ya rufe ƙofa.

"Yasna, zauna mu yi magana irin ta manya."

"Ka sani!"

"Tun watan jiya, da na kai shi a faɗaɗa. Rubutun gefen fim ɗin a juye ya fito." Ya sassauta murya. "Ki yi tunani. Sunan Ursic ne a ƙofar gidan nan. Gobe manyan gari za su cika zaure. Kakarki shekararta tamanin, zuciyarta ba ƙarfi, so kike ki kashe ta? Ni fa ke nake karewa. Ki bar matattu su huta, ni da ke mu riƙe gidan nan tare."

"Kana da fim ɗin a aljihun tebur ka miƙo min wasiƙarsa? Kana kallona ina kuka?"

"Saboda ina sonki."

"Allah ya sawwaƙe min irin wannan so!"

"Ba ki da hujja in ba fim."

Ta yi wata dariya da ita kanta ba ta san tana da irinta ba. "Riƙe abinka, ka soya ka ci. Ni madubi ya ishe ni."

Ta tuɓe wa mutum-mutumi riga, ta ciro madubin banɗakin mata daga ƙusa, ta fita da su a hammata. Doña Orfelina na biye da ita tana ihu, "A hankali da rigar nan, ta girmi uwarki!"

*

Sai da ta iso ƙofar gida ta ja ta tsaya. Maganar Renato ɗaya gaskiya ce, zuciyar Nona ba ƙarfi. Matar nan ita ta yi mata uwa ta yi mata uba. Amma ta tuna Aliro tsaye a cikin iska yana cewa Mino Maƙaryaci, sai ta tura ƙofa.

Nona na zaune a ɗakinta tana goge ƙaramin hoton da ke gefen gadonta, wanda aka yanko mai igiyar shi kaɗai aka sa a firam ɗin azurfa. Kullum da kyandir a gabansa.

Yasna ta durƙusa ta yi mata bayanin maɓalli, ta shimfiɗa rigar a kan gado. Tsohuwar ta saurara fuska a murtuke.

"Yaron nan ne ya aiko ki."

"Ko magana ba ma yi, Nona. Ni dai ki duba sau ɗaya. In kin ce ba haka ba, na rantse ba zan ƙara tayar da zancen ba."

Ta ɗauko babban hoton daga falo, ta riƙe shi gaban madubi.

Nona ta sa tabarau da niyyar ta ƙaryata. Ta kalli mai igiyar, wanda yanzu ya koma dama. Sannan idonta ya tafi ɗaya gefen, kan mai sandar nan da ba ta taɓa yi wa kallo biyu ba.



"Ƙafar hagu..." in ji ta.

"Nona?"

"Ƙafar hagu ya ɗage." Hannunta ya tafi kan gilashin madubin. "Da yatsu uku babu ya dawo min, a ƙafar hagu. Ni nake wanke masa ita da ruwan gishiri. A hoton ta dama ce a ɗage, shi ya sa ko a mafarki ban... Wayyo, Mateo! Dubi yadda ya sunkuyar da kai gefe. Haka yake yi in yana jin kunya."

Yasna ta fashe da kuka. "Ki yafe min, Nona."

"Bai taɓa cewa shi ne ba, kin sani?" Tsohuwar na magana idonta na kan madubi. "In na tambaye shi sai ya ce, 'Wani ya ja wani, Vinka, bar zancen.' Shekara uku da dawowarsa teku ta cinye shi. Da hotunan suka zo daga ƙasar waje bayan shekaru, na ga sunansa a farko, na ga igiya, ni na ce shi ne. Ni na faɗa wa gari."

Ta juya ta kalli firam ɗin azurfa da kyandir ɗinsa, ta daɗe tana kallo. Can sai kafaɗunta suka fara motsi. Yasna ta zabura ta ɗauka ciwon ne, ashe dariya ce ta ƙwace wa tsohuwa, hawaye na bin kumatunta.

"Shekara arba'in da uku ina sumbatar mijin wata kafin in kwanta!"

"Nona!"

"Ai kuwa Belarmino ya sha addu'a! Ko matarsa ba ta kunna masa kyandir kamar ni ba." Ta share fuska da gefen mayafi, ta koma Nonar da aka sani. "Ƙarfe nawa jirgin yaron zai tashi?"

*

Yasna ta buɗe lambarsa ta kira har wayarta ta yi zafi, a kashe. Ta je gidansu da yamma aka ce ma'aikata sun riga sun kwana a jirgi. Don haka ranar Asabar tun ƙarfe tara ta sa Nona a tsohuwar motarsu, Doña Orfelina ta cusa kanta a baya ba wanda ya gayyace ta.

"Taka mana!" in ji Nona. "Ke wa kike tsoro?"

"Jar wuta ce, Nona!"

"Ni na girmi wutar nan, wuce!"

Suka iso tasha saura minti ashirin. Jirgin na ta huci, ana ɗaga kaya na ƙarshe, iyalai sun yi cincirindo a bakin ruwa kowa ya dafe hularsa. Mai gadi ya tare su, Nona ta ɗaga masa sanda, ya matsa da kansa.

A gindin matakala suka hango shi, jaka a kafaɗa, yana rungume da wata 'yar gajeruwar mace mai furfura. Doña Eduvina ce, mahaifiyarsa. Da ya ga Yasna sai jakar ta zame ta faɗi.

Amma Nona ce ta riga ta. Ta taka har gaban Doña Eduvina, ta buɗe jakarta, ta ciro firam ɗin azurfa ta miƙa mata da hannu biyu.

"Ga mahaifinki, baiwar Allah. Shi ya ja mijina kwana huɗu a kan ƙanƙara. Da bai ja shi ba, da ban haifi ɗana ba, da babu wannan yarinyar." Muryarta ta ɗaga yadda duk na kusa za su ji. "Belarmino Chiguay bai yi ƙarya ba. Ni ce na yi kuskure, kuma yau da bakina zan faɗa a gaban manyan gari. Ki yafe min in za ki iya."

Doña Eduvina ta karɓi hoton. Ba su da hotonsa ko ɗaya yana saurayi. Ta shafa gilashin da babban yatsa, ta ce, "Baba..." Daga nan ta kifa kai a kafaɗar Nona, tsofaffin biyu suka riƙe juna iska na kaɗa musu mayafai.

Aliro ya kasa motsi. Yasna ta matso kusa da shi.

"A baibai aka wanke hoton," ta ce. "Maɓallan ne suka tona."

"Ni na gano!" in ji Doña Orfelina daga baya. "A rubuta!"

"Wasiƙar nan fa, Yasna..."

"Na sani."

"Ba ki sani ba, bari in faɗa. Ranar farko don hoton na shigo, ba zan ɓoye miki ba. Rana ta biyu kuwa wallahi ko bangon ban kalla ba."

"Da sifana ka zo."

"Motar ba abin da ya same ta. Bel ɗin daidai yake."

Ta kai masa duka a ƙirji tana dariya tana kuka. "Mugu! Maƙar..." Ta kama bakinta da sauri.

Ya yi murmushi, idonsa cike da ƙwalla. "Faɗi abinki, 'Yar Kar-a-taɓa. Yau kalmar ba ta da zafi."

"Kar ka tafi, Bakanike. Wata goma sha uku fa! Mutuwa zan yi."

Jirgin ya yi wata ƙara da ta girgiza tasha. Daga sama kyaftin ya leƙo da abin magana a hannu. "Chiguay! Za ka hau ko sai na aiko maka da katin gayyata?"

Aliro ya kalli jirgi, ya kalle ta. "Tafiyar nan dole in yi ta, ba wani bakanike a ƙasa. Mako uku ne zuwa da dawowa. Zaman shekarar kuwa akwai wanda ke ta roƙo a ba shi gurbina." Ya sumbaci goshinta, ya sumbaci mahaifiyarsa, ya tsaya gaban Nona bai san me zai yi ba.

"Me kake kallo? Sunkuyo mana, dogon banza." Ta kama kansa ta sumbace shi a kumatu biyu. "Ka kula da yatsun ƙafarka."

Ya haura a guje, aka janye matakala, aka kwance igiyoyi. Jirgin ya fara ja da baya, ruwa na buɗewa tsakaninsu. Sai ga shi ya ɓullo a bakin ƙarfen sama, ya haɗa hannu a baki yana ƙwala wani abu.

Iska ta kwashe maganar ta yi teku da ita.

"Me ka ce?!" Yasna ta yi ihu.

Ya sake ƙwalawa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

"Ba na ji!"

Wani ma'aikaci a jirgin ya karɓa ya jefa wa na ƙasa da shi, wannan ya jefa wa mai kwance igiya, mai kwance igiya ya juyo wajen taron yana washe baki.

"Wace ce Yasna? An ce in ya dawo za ki aure shi?"

Tasha ta kaure da shewa. Masu ɗaukar kaya suka ajiye aiki, mata na tafi, Doña Orfelina na tsalle tana cewa ita za ta ɗinka rigar. Yasna ta juya ta kalli kakarta.

"Ni kike kallo? Ni na riga na yi nawa zaɓen, har biyu ma ashe. Ba shi amsa kafin ya kai Antatika!"

Ta ruga har ƙarshen dakalin, ta cika ƙirji da iskar nan mai sanyi, ta buɗe murya iyakar ƙarfinta.

"Na yarda!"

Bai ji ba. Ta gan shi yana kama kunne yana girgiza kai, jirgin na ƙara nisa. Sai mutanen tasha kaf, da masu kaya, da mai gadi, da tsofaffin nan uku, suka haɗa baki suka ƙwala gaba ɗaya.

"TA YARDA!"

Wannan karon ta isa. Aliro ya cire hularsa ya wurga sama, iska ta tafi da ita, kyaftin ya danna ƙahon jirgi sau uku. Yasna na nan tsaye tana ɗaga hannu tana dariya, hawaye na daskarewa a kumatunta, har sai da ta daina bambance shi da sauran mutanen da ke saman jirgin.